Tsintsiyar Turawa a Tsakar Gidana

Ranar da na sauke tukwane uku na shukar heda daga bayan mota, Dada na zaune bisa tabarmarta tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Yau kuma tsintsiya aka sayo da tukunya?" Na ce mata, "Fure ne, Dada, na ƙasar Turawa." Ta ce to Allah ya raya, ta mai da kanta kan faifanta. Na ji haushi a raina, don na sha wuya kafin in kawo su Gombe daga Jos. Ashe duk gidan nan babu wanda ya kira shukar da sunanta na gaskiya sai ita.

Asalin abin, matar ƙanena ce ta haihu a Abadin, can arewacin Sikotlan, na je zaman jego a ƙarshen watan Agusta. Wata Asabar ya ce in shirya zai kai ni in ga duwatsu. Na ce masa mu da muka tashi muna kallon dutsen Bima da na Tula, wane dutse za a nuna mana? Muna fita gari da kamar awa guda na yi shiru. Tuddai ne jere har iyakar ganin ido, babu bishiya, babu gona, amma duk an lulluɓe su da shunayya kamar an shanya rinannen zane. Na sa ya tsaya na sauka na durƙusa. Abin da ya rina dutse guda ashe wata 'yar shuka ce da ba ta kai gwiwata ba, ganyenta ƙanana sun hau juna kamar ɓawon kifi, furanninta kuwa kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, sun yi layi a jikin reshe. Ƙudan zuma sai guɗa suke a ciki. Ƙasar da na dafa baƙa ce, jiƙaƙƙiya, tana lotsawa kamar katifa.

Turawan Birtaniya suna ce mata heda. Masana tsirrai kuma Calluna vulgaris, kuma kalmar farko daga harshen Girka aka samo ta, ma'anarta shara ko ƙawata wuri, saboda da rassanta mutanen da suke ɗaure tsintsiya. Da na karanta wa Dada wannan sai ta ce, "Ai ko ba boko na san tsintsiya in na gan ta." Ban da shara, mutanen tuddan sun yi jinka da ita, sun yi igiya, sun yi shimfiɗar kwanciya, sun rina ulu da ita. Zumarta ma daban take: a kwalba tana daskare kamar man kaɗanya da sanyi, sai an motsa da cokali take sakin jiki, in an bar ta ta sake kamewa. Na sha ta da burodi, tana da ɗan ɗaci-ɗaci a bayan zaƙin.

Na so in tuge ɗaya in ƙunsa a jaka. Ƙanena ya ce, "Adda, rufa min asiri. Ba a ratsa filin jirgi da shuka da ƙasarta sai da takardar hukuma." Na haƙura. Sai a watan Nuwamba, na je Jos gaisuwar rashin lafiya, na tsaya wajen wata mai sayar da furanni, idona ya faɗa kan su a inuwa. An kawo mata ne cikin kayan adon ƙarshen shekara. Akwai ma shuɗiya shar a ciki, har na miƙa hannu, ta ce in bar waccan, fenti ne aka fesa mata. Gaskiya ta faɗa: heda tana zuwa da shunayya, da ruwan hoda, da ja, da fari, amma babu shuɗiya a halittarta. Da ta ji inda zan kai su ta riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, Gombe fa kika ce? Ba za su ga damina ba." Na biya kuɗin da har yau ban faɗa wa Malam adadinsu ba.

Ta farko alheri ne ya kashe ta. Akwai wata babbar tukunyar siminti da na saya don ƙofar falo, na ga babu wadda ta dace da ita sai baƙuwa. Na haɗa mata ƙasar da nake haɗa wa kowa: jar ƙasa, da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, har da ƙarin hannu don baƙunta. Washegari Dada ta ga kiyashi na zagaya gindin tukunyar, ta ɗebo toka daga murhu ta barbaɗa a kai, kamar yadda take yi wa barkono da yakuwa tun kafin a haife ni. Ni kuma safe da yamma ina kwarara mata ruwan jarka na 'yan ga-ruwa. Babu wanda ya yi da mugunta. Cikin mako uku kan rassan ya koɗe ya yi rawaya, sannan ya koma ruwan ƙasa daga ƙasa zuwa sama. Na ƙara taki, wai ko yunwa ce. Garin neman gira aka rasa ido.

Ɗan wata ƙawata da ke karatu a kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya da ke Dadin Kowa ne ya zo gaishe ni ya tarar ina jimami. Ya tona gefen tukunyar da yatsa, ya shinshina, ya ga toka, ya yi dariya ya ce, "Goggo, kin ba mai son kunun tsamiya kunun kanwa." Wannan maganar ce ta buɗe min kai, don duk matar da ke shiga kicin ta san bambancin.

Ƙasa ma haka take, akwai mai tsami, akwai mai kanwa-kanwa. Ana auna wannan da ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Abin da ya yi ƙasa da 7 ɓangaren tsamiya ne da lemun tsami, abin da ya haura kuma ɓangaren kanwa ne da ruwan toka. Yawancin abin da muke shukawa a gida, su tumatir da alayyahu da albasa, sun fi sakewa tsakanin 6 da 7. Ita heda tana son 4.5 zuwa 5.5. A ido tazarar kaɗan ce, amma kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato ƙasa mai 5 ta fi mai 7 tsami sau ɗari. Tokar itace kuwa in ta jiƙe takan kai 10 ko ta wuce. Siminti kuma da dutsen farar ƙasa ake yin sa, irin wanda ake haƙa a Ashaka can Funakaye, kuma sabuwar tukunyar siminti tana tsatso wannan farar ƙasar cikin abin da aka zuba mata duk lokacin da aka yi ban ruwa. Ruwan jarkar ma da nasa laifin. Na leƙa cikin butar shayina na ga farin dafi ya kama gindinta, shi ne shaidar ruwa mai farar ƙasa. Ta kowace kusurwa kanwa nake ɗura mata.

Abin da ke faruwa shi ne, in ƙasa ta rasa tsami, sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana ƙullewa, saiwar irin wannan shuka ba ta iya zuƙo shi. Ga abinci a gabanta amma an ɗaure mata baki. Shi ya sa sabon ganye ke fara yin rawaya. Takin kuma ƙuna ya yi mata. Da muka zazzage matacciyar na ga saiwarta, ban taɓa ganin irinta ba: babu wata uwar jijiya da ta nutsa ƙasa, sai wani curi na zare sirara kamar gashin jariri, duk a sama-sama. Yaron ya ce a cikin waɗannan zaren akwai wata irin fumfuna da ke zaune, ita ke narkar da ruɓaɓɓen ganye ta miƙa wa shukar abin da take buƙata, ita kuma shukar ta ba ta sukari. Da wannan cinikin heda ke rayuwa a ƙasar da ko ciyawar kirki ba ta yi. An halicce ta ne don talauci. In aka cika ta da taki, ko dai gishirinsa ya ƙone zaren, ko ta yi tsawo ta yi laɓo-laɓo ta ƙi fure.

Ga wanda ba shi da takardar gwaji, kicin ya isa a fara. A ɗebi busasshiyar ƙasa a murfin kwalba a ɗiga mata ruwan khal. In ta yi kumfa tana cuwwa, akwai farar ƙasa a ciki, kada ma a soma. Ruwa kuma na gwada shi da zoɓo. Kowa ya san in aka jefa kanwa a zoɓo jansa ke mutuwa ya yi duhu. Na jiƙa zoɓo tsararo, na ɗiga kaɗan a kofin gilas biyu, ɗaya ruwan sama, ɗaya ruwan jarka. Na ruwan sama ya tsaya ja garau. Na jarka ya dushe ya koma wani launi kamar tsohon bulu. Dada da ke kallona ta ce yanzu kuma bokanci na koma. Wannan gwajin ba ya ba da lamba, nuni kawai yake yi. Daga baya yaron ya kawo min 'yan takardun nan da ake tsomawa su canza launi, su ne na dogara da su.

Sauran biyun Allah ya taimake su ban taɓa su ba, suna cikin robobin da suka zo da su. Na je wajen masu tukwane na zaɓo na ƙasa guda biyu, na sa aka huda min gindinsu da kyau. A Turai akwai ƙasa ta musamman da ake sayarwa a buhu don dangin wannan shuka, mu nan sai haɗi. Na samo zaren ɓawon kwakwa wanda ake sayarwa a matse kamar bulo, na jiƙa na ɗauraye shi sau uku saboda yakan zo da gishiri. Na ɗauki kashi biyu nasa, kashi ɗaya na ɓawo da busasshen ganyen itacen fayin, mai ganye siriri kamar allura, da ƙawata ta tsinto min a Jos, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa wanda na wanke tas. Sannan na daka farar wuta, irin wadda 'yan koli ke sayarwa, na barbaɗa abin da bai fi kan ƙaramin cokali ba a kowace tukunya. Farar wuta tana ƙara wa ƙasa tsami, amma ba yau ba gobe, sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun sarrafa ta, abin da ke ɗaukar makonni har watanni. Wanda ya ƙosa ya ƙara wata a kai zai yi ɓarna. Taki kuwa ko ƙyas ban sa ba.

Dashen kansa ba wuya. Na nutsa robar gaba ɗaya a bokiti har kumfa ta daina tasowa, na zare shukar, na ɗan sassauta curin saiwar da yatsu don ya matse ya ɗauki siffar roba. Na zaunar da ita yadda ganyen ƙasa ya kusa taɓa ƙasa, ba a barin wuyanta tsirara, ba a kuma binne shi. Na danna a hankali, na rufe saman da ganyen fayin don riƙe laima. Masu shuka ta a fili a can suna barin tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin kowace biyu, su jera da yawa wuri guda don in sun girma su haɗe su zama shimfiɗa ɗaya, kuma suna dasawa ne ko a Satumba da Oktoba, ko a Maris da Afrilu. Ba a sassabe kusa da ita da fartanya, ciyawa da hannu ake cirewa, saboda saiwar nan da ke sama.

Ruwa ne ya zame min aiki. Ruwan sama take so, mu kuwa rabonmu da shi tun Oktoba. Wani ya ba ni shawarar ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wai ba shi da farar ƙasa. Haka ne, amma wa ke kunna ta da hunturu, kuma iskar da ta bushe ƙayau wane ruwa za ta ba da? Akwai rabin duro na ruwan indararo da na ajiye don wankin fararen kayan Malam, na ƙwace shi. Da ya ƙare na koma ɗiga ruwan khal a ruwan jarka, ƙaramin cokali a bokiti, ina tsoma takarda har ta nuna ya sauko wajen 6 ko ƙasa kaɗan.

Ta biyu ƙishirwa ce ajalinta, kuma ita ta fi ba ni takaici don ta riga ta fara sabon toho. A watan Janairu muka tafi biki Bajoga, kwana huɗu. Na bar wa autana amana, na nuna masa bokitin da kofin. Da na dawo na duba, ga su nan kyau-kyau, har na sa masa albarka. Bayan kamar mako guda na shafa ɗaya da tafin hannu, sai ganyen ya zubo min kamar garin lalle. Na kira shi na ce, "Faɗa min gaskiya." Ya ce, "Umma, wallahi na ba ta ran farko. Sauran ranakun na ga ba ta yi yaushi ba, na ce ba ta jin ƙishi." Ban iya yi masa faɗa ba, don ni ma ta ruɗe ni. Tumatir in yana jin ƙishi zai langwaɓe ya yi maka ƙorafi. Heda ba ta ƙorafi. Tana iya mutuwa a tsaye da launinta da furenta, sai bayan kwanaki a gane gawa ake yi wa ban ruwa. Ɗayar ta tsira ne kawai don tana lungun da iskar hunturu ba ta bugunta kai tsaye.

Tun daga nan na daina yarda da idona. Yatsa nake nutsawa zuwa gaɓa ta farko: in na ji sanyin laima, na bar ta, in ya fito a bushe, na ba ta har ruwa ya fito ta gindi, in zubar da wanda ya taru a faranti. Don ɗaya ɓangaren ma kisa ne, in saiwar ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi, kuma zafi na hanzarta wannan ruɓar. Laima take so kamar ta tsumman da aka matse. In kuma aka yi sake curin ya bushe sarai, zuba ruwa ta sama ba ya amfani, zai bi gefe ya zurare ya bar tsakiya a ƙafe, sai an nutsa tukunyar a bokiti na ɗan lokaci. Mai shakkar ko tasa na da rai ya kankare ɓawon reshe da farce. Kore a ciki, da sauran rai. Ruwan ƙasa, sai haƙuri.

Saura ɗaya tilo, na mai da ita 'yar lele. A can ƙasarsu cewa ake a ba ta rana sosai, awa shida ko fiye, in ba haka ba ba ta fure da kyau. Amma ranar Sikotlan ai ba ranar Gombe ba ce. Na ajiye ta gabas da bishiyar maina, tana shan hantsi zuwa wajen ƙarfe goma, daga nan inuwa ta rufe ta. Da Fabrairu ya raba, iska ta fara ɗumi, na tuna da dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan na tsatsowa ta jikin babbar yana bin iska, cikin yana sanyi. Shi don adana tumatir da gauta ya yi, ni na zaunar da tukunyar fure a ciki. In na sa hannu da azahar sai in ji ƙasarta da sanyi kamar gindin randa. Wannan dabarar ta saya mana kusan wata guda.

A wannan tsakanin ne na yi mata aski. Nan ma da na bi hannuna da na yi kisa na uku. Mu mun saba da zogale da lalle, a sare su har kututture, bayan sati biyu su tofo kamar ba a yi ba. Heda ba ta tofowa daga tsohon itacen da ya riga ya zubar da ganye. Ana bin kowane reshe ne a yanke daga ƙarƙashin busasshen furen kaɗan, a tabbata an bar kore a ƙasan inda aka yanka. Sau ɗaya a shekara ake yi, a can galibi cikin Maris ko farkon Afrilu kafin sabon toho. In aka yi shekaru ba a yi ba, sai ta miƙe ta yi ƙafafu, tsakiyarta ta buɗe ta zama sanƙo, kuma ba gyara. Na zauna a kujera 'yar tsugune da almakashin ɗinki, ina yi ina tara guntayen a faifai. Mai son ƙara yawanta kuma yana iya kwantar da reshen da ke ƙasa, ya danne shi da ƙaramin dutse ya rufa masa ƙasa ya bar kan a waje, bayan watanni da yawa zai yi saiwarsa a yanke shi. Na kwantar da biyu.

Abin dariya, wannan da nake lallaɓawa kamar ƙwai, a tuddan Sikotlan wuta ake cinna mata. Suna ƙona ta fili-fili, a bar wani sashe a ƙone wani, don ta fito da sabon toho mai laushi wa tumaki da wata tsuntsuwa mai kama da fakara da suke farauta. Na ce wa ƙanena ashe ƙunar daji ba mu kaɗai ba ne, ya ce su ma suna ta jayayya a kai. A Niyu Zilan kuwa annoba ta zama. An kai ta gandun Tongariro a 1912, ta sami sanyi da ƙasa mai tsami ta mamaye tsirran ƙasar, har a 1996 aka saki wani ƙwaro da ke cin ganyenta don a rage ta. Can ana kashe kuɗi a kashe ta, nan ina ƙwace ruwan wankin maigida in raya ta.

Maris na kamawa na san an zo wurin. A Abadin ko tsakiyar bazararsu zafi ba kasafai yake wuce digiri 20 ba. Mu nan Maris da Afrilu muna taɓa 40, kuma abin da ya fi muni dare ma ba ya hucewa. Shukar da ke jure ƙanƙara ta rufe ta wata da watanni ba ta da abin da za ta yi da daren da mutum ke kwana a tsakar gida yana fifita. Ƙasa na iya gyaruwa, ruwa na iya gyaruwa, iskar gari ba ta gyaruwa. Na lura ma danginta da ke nahiyarmu galibi masu neman sanyi ne: a kan Kilimanjaro da duwatsun Habasha akwai 'yan uwanta da suke girma har su zama bishiya, amma can sama inda ake rawar ɗari, sai kuma ɗaruruwan iri a kudancin Afirka ta Kudu wajen Kef. A Najeriya in akwai inda za a gwada da ɗan fata, to Jos ce mai tsayin kusan mita 1,200, ko tsaunin Mambila da ya fi ta tsayi, inda ake noman ganyen shayi, wanda shi ma ɗan ƙasa mai tsami ne.

Don haka in mutumin Gombe ko Bauchi ya tambaye ni ko ya saya, zan ce masa ya saya in yana da kuɗin da ba ya jin zafinsu, amma ya ɗauke ta baƙuwar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Baƙo raɓa ne. Ko a Jamus da yawa haka suke yi, su saya da kaka su jera a baranda ko a kan kaburburan 'yan uwa, in lokacinta ya wuce su sauya. Wanda kuma yake son abin da zai gada wa jikoki ya nemi wani furen.

Ni dai ban yi asara duka ba. A ƙofar falona akwai ikzora, furen nan mai jan curi da ake shinge da shi a ofisoshi, shekara huɗu tana fama da rawayan ganye, jijiyoyin kore sauran fatau. Na yi mata taki, na yi mata feshi, har na fara zargin baki. Ashe ita ma 'yar kunun tsamiya ce, ga ta a jikin dandamalin siminti, ga ruwan wanke-wanke mai sabulu da yara ke watsa mata. Na ciro ta na mai da ita tukunyar ƙasa da irin haɗin nan, na hana ta toka da ruwan sabulu. Sabon ganyen da ta fitar bayan wata biyu kore ne shar, kuma ita zafin Gombe bai dame ta ba. Yanzu duro uku nake jerawa a ƙarƙashin indararo, ruwan farko in bar shi ya wanke ƙurar kwano, na biyu in tara.

Ta ukun kuwa, sati na biyu na Maris Malam zai je Jos ta Bauchi, na naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhu na zaunar da ita a ƙasan kujerar gaba, na ce a kai wa ƙawata. Ya dube ni ya ce, "Mutane na aika doya da man gyaɗa, ke kina aika tsintsiya." Na bi shi har bakin mota ina jaddada kada a buɗe gilas iska ta buge ta. Tana nan da rai har yanzu a bayan kicin ɗin ƙawata, ɗaya daga rassan da na kwantar ma ya kama, sai dai ba ta sake fure ba, kore kawai. Duk sanda muka yi waya, kafin in tambayi yara sai na tambaye ta, ita kuma ta ce, "Ban sa mata toka ba, Hajiya, kwantar da hankalinki."

Busassun biyun ban zubar ba, na jingine su bayan randa na manta. Rannan na shiga ɗakin Dada na tarar ta kakkaɓe ganyen, ta jera rassan ta ɗaure gindinsu da zaren buhu. Da ita take share tokar kaskon turarenta. Ta ce ta fi ta kaba shiga lungu, in zan koma Jos in ƙaro mata biyu.